AGOGON TSOHON YAYI: WANNE YA CANCANCI KUƊIN IYAYENMU?

 Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Duk wanda ya lura da hannuwan samari da 'yan mata a Yelwa da Wara da Shanga cikin 'yan shekarun nan zai yarda da wannan magana, domin kuwa irin agogon da kakanninmu suka ɗaura har suka gaji, shi ne ya dawo ya zama abin yayi. Ga mai faffaɗar fuska ruwan zinariya, ga ɗan siriri mai maɗaurin fata, ga kuma ɗan baƙin nan mai lambobi wanda ke yin ƙara idan awa ta cika. Teburan 'yan koli sun cika da su, kowane mai talla kuwa rantsuwa yake yi nasa ne na asali. To, da yake kuɗin sayensu ba daga sama suke faɗowa ba, daga albasa da shinkafa da kifi suke fitowa, na ga ya kyautu mu tsaya mu yi shawara kafin mu kai hannu aljihu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ɗalibin da kuɗinsa ba su da yawa, kuma yake zaune a bakin ruwa irin namu, ya sayi sabon agogo mai batir wanda aka ƙera da siffar tsohon yayi, na kamfanin da bai ɓoye sunansa ba. Idan kuwa akwai tsohon agogo na gado a gidansu, ya nemi izini a gyara shi a adana. Amma jabu mai ɗauke da sunan manya, da tsohon da aka yi wa kwaskwarima, waɗannan biyu ya bar wa mai su. Zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya, wanda bai gamsu ba kuma ga fili ga mai doki, sai ya ba ni amsa a fitowa ta gaba.

Da farko wani zai ce, me za a yi da agogo a zamanin da kowace waya take nuna lokaci? Tambayar tana da kyau, amma amsarta a fili take. A makarantu da yawa, musamman na kwana, ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Sa'an nan waya tana bukatar caji kullum, kuma ko da yake madatsar Kainji tana can ƙasan tafkinmu, kowa ya san yadda wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama. Har wa yau, wanda ke cikin jirgin ruwa tsakanin Zamare da Rofiya, ko yana taya mahaifinsa ban-ruwa a fadama, ba zai so ya riƙa ciro waya daga aljihu da jiƙaƙƙen hannu ba. Hukuma ta hana tafiyar dare a ruwa, watau wanda zai ƙetare dole ya san saura awa nawa rana ta faɗi. Daɗin daɗawa, waya ɓarauniyar lokaci ce: ka ciro ta don ka duba ƙarfe nawa, kafin ka mayar da ita aljihu rabin awa ta wuce kana kallon hotunan mutane. Agogo kuwa abu ɗaya zai gaya maka, ya sallame ka.

Sai dai in yi gargaɗi a nan, kada wani ya je ya ce wa mahaifinsa sai da agogo ake cin jarrabawa. Hukumar JAMB ta sa agogon hannu cikin jerin kayan da ba a shiga da su ɗakin jarrabawarta. Amfanin agogo yana zuwa ne kafin ranar: lokacin da ka zauna da tsofaffin takardun tambayoyi ka ba kanka minti arba'in, ka ga ko za ka gama kafin su cika. Wanda ya saba auna kansa da agogo a ɗakin karatu, ko an karɓe agogon a ƙofa, lissafin yana nan a kansa.

Yana da kyau mu san inda abin ya samo asali. Kalmar agogo aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa. Mu kuma muna cewa ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, saboda a da ƙarfe ake bugawa a sanar da mutane awa, kamar yadda har yau a makarantu da dama ake rataya tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiya ana bugawa. Kafin wannan, kakanninmu da rana da inuwa suke aiki: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Agogon hannu ya yawaita a ƙasar Hausa ne ta hannun ma'aikata da sojoji da alhazai. A 1975, da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji, mutane sun sayi rediyo da babur da agogo ba kama hannun yaro. Alhazai kuma suna dawowa daga Makka da Seiko da Citizen da Orient da Rado a matsayin tsaraba. Yawancin tsofaffin agogunan da ke kwance a akwatunan gidajenmu, daga wannan zamani suka fito, kuma siffarsu ce masu ƙira suke kwaikwaya a yau.

Yanzu bari mu rarrabe kayan da ke kasuwa, domin duk da sunansu ɗaya ne, watau tsohon yayi, iri huɗu ne. Na farko, tsoho na gaskiya wanda aka ƙera tun shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. Na biyu, tsohon da aka harhaɗa daga gawarwakin wasu agogunan aka yi masa sabon fenti. Na uku, jabu, watau sabon agogo maras inganci da aka liƙa wa sunan babban kamfani. Na huɗu, sabo na gaskiya wanda kamfaninsa ya ci gaba da ƙera shi da tsohuwar siffa. Duk wanda bai iya rarrabe waɗannan huɗu ba, to cinikin biri a sama zai yi.

Mu fara da tsoho na gaskiya. Yawancinsu ba su da batir. A cikinsu akwai wani siririn sifirin a naɗe, wanda ake ɗaurewa ta hanyar wana ɗan maɓallin gefe, shi kuma yana warwarewa a hankali yana juya ƙananan ƙafafu masu haƙora. Wanda ake kira otomatik kuwa, kamar Seiko 5 da aka fara fitarwa a 1963, yana da wani ɗan nauyi a ciki mai lilo, motsin hannun mai shi ne ke wana shi. Idan aka ajiye shi kamar kwana biyu ba a ɗaura ba, sai ya tsaya. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskarsa ba lu'ulu'un sayarwa ba ne, 'yan ƙananan duwatsu ne na haɗi da ake sawa inda ƙarfe ke gugar ƙarfe don kada ya cinye. Aiki ne na gwaninta ƙwarai, kuma gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani. Amma fa irin wannan inji kamar babur yake: man da ke cikinsa yana bushewa, bayan 'yan shekaru dole a kwance shi a wanke a sake sa mai. Idan wani haƙori ya karye, sai an sami gawar irinsa kafin a musanya. Masu gyaran da suka iya wannan aiki tsufa suke yi, yaran da ke koyo a wurinsu kuma ba su da yawa, mafi yawan masu teburin gyara a yau canjin batir da maɗauri suka fi sani. Ɗalibin da ke Libata ko Dugu Tsoho, in agogonsa ya tsaya, mai yiwuwa sai ya aika da shi Kwantagora ko Sakkwato ko Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sayi wani.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata a sani. Tsofaffin agogunan da aka yi kafin shekarun 1960, waɗanda lambobinsu ke haske cikin duhu, da yawa an yi musu fenti da wani sinadari mai suna radiyam, wanda ke cutar da jiki. A Amurka, cikin shekarun 1920, 'yan matan da ke aikin shafa wannan fenti suna lasar bakin burushi don ya yi tsini sun kamu da mugun ciwo, da dama sun rasu. Saboda haka wanda ya tsinci irin wannan a kayan gado, kada ya buɗe shi, kada kuma ya kankare fuskarsa.

Na biyu shi ne mai kwaskwarima, kuma shi ya fi yaudarar mai ido. A Indiya akwai wani kamfanin gwamnati mai suna HMT da ya fara ƙera agogo a 1961 tare da taimakon kamfanin Citizen na Japan, aka rufe sashen agogonsa a 2016. Miliyoyin agogunansa da na wasu kamfanoni sun tsufa a hannun jama'a. Sai wasu masu sana'a suka riƙa tattara su, su ciri inji daga nan, gida daga can, su buga sabuwar fuska mai launi mai ɗaukar ido, su sayar ta intanet da sunan tsohon agogo na asali. Alamarsu ba ta da wuyar ganewa. Agogon da aka ce ya shekara hamsin, amma fuskarsa tana ƙyalli kamar yau aka fitar da ita daga kwali, bayansa kuwa duk ya ƙoƙe, ai ka san akwai lauje cikin naɗi. Kyan ɗan maciji ke gare shi. Zai yi tafiya mako biyu ko wata guda, ranar da ya tsaya kuma ba mai gyaran da zai iya ce maka ga asalinsa.

Na uku, jabu. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, don kowa ya san ba a sayen Rolex ko Rado na gaskiya da kuɗin kwandon albasa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, abokan da za a yi wa burga su ma sun sani. To, wa ake ruɗi? Kama da wane ba ta wane. Gidan irin wannan agogo yawanci ƙarfe ne mai araha da aka yi wa ruwan zinariya sama-sama. Zufar watan Maris da Afrilu kaɗai ta isa ta cinye ruwan, ya bar wa mutum koren tabo a wuyan hannu, wani ma har da ƙuraje. Ƙananan da'irori uku da ke fuskarsa sau da yawa zane ne kawai, ba sa motsi, maɓallan gefen kuma ado ne. Ni a ganina illar jabu ta wuce ta aljihu. Ɗalibin da ya saba ɗaura ƙarya a hannunsa tun yana aji ɗaya, yana koya wa kansa cewa a gan shi da abu ya fi a ce yana da shi. Wannan hali ne ke kai mutum ga satar amsa, daga baya kuma ga takardar shaida ta jabu.

Saura na huɗu, wanda shi nake goyon baya. Wasu za su ce agogo mai batir ai ba tsohon yayi ba ne. To, su duba tarihi. An gama ginin madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yauri. Shekara guda bayan haka, ran 25 ga Disamba 1969, kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko a kasuwa mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz. Ashe ke nan agogo mai batir da dutsen kwaz sa'an tafkinmu ne, kuma ba wanda zai ce tafkin Kainji yaro ne. A lokacin kuɗinsa yen 450,000 ne, kusan kuɗin ƙaramar mota a Japan. Cikin shekaru kaɗan farashin ya faɗi warwas, har ya girgiza masana'antar agogo ta Siwizalan, inda ma'aikata suka ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya kayar da su shi ne talaka ya sami agogon da ya fi na attajiri faɗin gaskiya.

Ga yadda abin yake. Zuciyar agogo mai wani irin Seiko 5 tana bugawa sau 6 a daƙiƙa guda, watau sau 21,600 a awa. Ɗan dutsen da ke cikin mai batir kuwa, idan wuta ta ratsa shi, yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, kuma zafi ko girgiza ba su cika dagula masa lissafi ba. Saboda haka agogo mai wani, ko lafiyarsa ƙalau, yana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa 20 ko 30 a yini. Mu yi lissafi irin na aji ɗaya: daƙiƙa 30 a yini, minti uku da rabi ke nan a mako, minti 15 a wata, in kuwa ba a daidaita shi ba har zangon karatu na mako 13 ya ƙare, ya haura minti 45, darasi guda cur. Shi kuwa Casio F-91W, ɗan baƙin nan da aka fara fitarwa a 1989 kuma har yanzu ake ƙera shi da siffarsa ta farko, kamfaninsa ya ce kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa 30 a wata, batirinsa kuma yana kai wajen shekara bakwai. Watau wanda aka saya wa yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya gama aji shida bai canja batir ba. Yana da ƙararrawar tashi da asuba, da ma'aunin gudu, da 'yar fitila. Wanda yake son mai sarƙa akwai ɗan'uwansa A158W, 'yan mata kuma akwai ƙarami irin LA670. Mai son agogo mai hannuwa ba mai lambobi ba, akwai irinsu masu farar fuska da baƙaƙen lambobi, na Casio da Q&Q da wasunsu, kamar dai waɗanda malaman firamare na da suke ɗaurawa.

Ba ina tallar wani kamfani ba ne, kuma ba wanda ya ba ni ko kwabo. Su ma waɗannan suna da nasu aibin, zan kuwa faɗa. Maɗaurin roba yana tsagewa bayan 'yan shekaru, sai an sake. Fitilar F-91W ba ta da ƙarfi. Gidan A158W da ke ƙyalli kamar azurfa roba ce aka yi wa ruwan ƙarfe, sarƙar ce kawai ƙarfe. Idan kuma injin mai batir ya mutu, ba a cika gyara shi ba, sai dai a sake wani. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambancin shi ne wannan bai yi maka alkawarin abin da ba shi da shi ba.

Yanzu mu auna su da ma'aunin ƙasarmu, domin agogon da ya dace da mai zama ofis a Abuja ba lalle ne ya dace da ɗan Ngaski ba. Abokan gabar agogo a nan uku ne: ruwa, ƙura da zufa. Game da ruwa, a kula da abin da aka rubuta a bayansa. Idan an rubuta Water Resist kawai, ko mita 30, ma'anarsa yana jure yayyafi da fantsamar alwala, ba a yin iyo da shi. Wanda zai shiga ruwa da agogo, kamar 'yan'uwanmu Sarkawa ko masu tseren jirage a bikin Rigata, sai ya nemi mai mita 100. Kada kuma a danna maɓalli alhali agogo yana cikin ruwa. Abin da ke tsare ruwa wani siririn zoben roba ne a ƙarƙashin murfin baya, kuma a tsohon agogo wannan zobe ya daɗe da bushewa, ko da an rubuta masa mita nawa. Da zarar ka ga hazo a cikin gilashi da safe, ruwa ya riga ya shiga, tsatsa tana tafe. Ƙurar hunturu ita ma ta wannan kafa take shiga, ta haɗu da man inji ta zama kamar yashi a cikin tuwo. Zufa kuwa maɗaurin fata take ci, ga wanda ke alwala sau biyar a yini fata ba ta wuce 'yan watanni sai ta fara wari. Roba ko sarƙar ƙarfe maras tsatsa sun fi dacewa da mu. A nan ma akwai wayo: idan an rubuta Stainless Steel Back, murfin baya ne kaɗai ba ya tsatsa, sauran gidan wani ƙarfe ne dabam.

Na san babbar hujjar masu sayen jabu ita ce kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, agogo na gaskiya bai tsira ba. Wannan gaskiya ne. Amma mu ƙaddara, don misali kawai, jabu naira 4,000 ne, na gaskiya kuma naira 20,000. Idan jabun yana mutuwa ko ya ƙoƙe duk bayan wata shida, cikin shekara shida na sakandare an sayi goma sha biyu, naira 48,000 ke nan, ban da ɓacin rai. Wanda ya daure ya sayi na gaskiya sau ɗaya ya kashe ƙasa da rabin wannan. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa ita ce tsada. Wanda ba shi da kuɗin a yanzu, ya yi asusu. Hutun ƙarshen zango guda na taya aikin albasa ko ɗaurin kifi yana iya cike gibin, abin da mutum ya saya da guminsa kuwa ya fi kula da shi.

Wata hujjar ta fi wannan nauyi, ita ce ta masu cewa agogo mai wani ana gadonsa, mai batir kuwa na 'yan shekaru ne, kuma in kowa ya koma ga batir sana'ar gyaran agogo za ta mutu. Na yarda da rabin wannan magana, shi ya sa na ce a gyara na gado. Agogon da kaka ya sayo a Makka, ko wanda aka ba shi ranar da ya bar aiki, darajarsa ba ta kasuwa ba ce. A kai shi wurin tsohon mai gyara wanda aka san amanarsa, a wanke a sa mai, a riƙa ɗaura shi ranar Juma'a da Salla da biki, a nisanta shi da ruwa da kuma lasifikar rediyo ko waya, don maganaɗisu yana rikita shi. Ta haka mai gyara ya sami aiki, tarihin gida kuma ya tsira. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki irin wannan amana a kai ta ɗakin kwanan ɗalibai, inda za ta faɗi a wurin wanka ko ta yi ƙafa. Na gado na gida ne, na makaranta kuma wanda in ya ɓace ba za a yi zaman makoki ba.

To, idan an tashi saye, yaya za a kauce wa jabu, tun da shi ma Casio ana kwaikwayonsa ƙwarai? Ga 'yan dabaru. A saya a shago mai mazauni, wanda za ka iya komawa gobe, a karɓi rasit. A duba rubutun fuska da na baya, na gaskiya yana fita tsaf, ba harafin da ya karkace ko ya dushe. A danna kowane maɓalli a ga yana aiki. A F-91W, idan aka danne maɓallin dama na 'yan daƙiƙu, sunan kamfanin yana bayyana a fuska, ko da yake wasu masu jabu sun koyi wannan ma, saboda haka kada a dogara da shi shi kaɗai. A agogo mai hannuwa, a kalli hannun daƙiƙa: na mai batir yana tsalle sau ɗaya kowace daƙiƙa, na otomatik kuwa yana tafiya da ƙananan taku kamar yana sulalewa. In an rubuta Automatic amma hannun yana tsalle ɗaya-ɗaya, an yi ƙarya ke nan. A daidaita shi da lokacin labarun rediyo, a sake dubawa bayan kwana uku. Uwa uba, idan farashin ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, to mamakin na gaba yana nan tafe. A je da babba wanda ya san kan abin, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo cikin ladabi. Idan ɗa ko 'ya ta nemi agogo, a tambaye ta me za ta yi da shi. In amsar ita ce wance tana da shi, a ba ta haƙuri. In kuwa don tashi da asuba ne da tsara karatu, a taimaka a sayi mai sauƙi na gaskiya, kuma kada a saya wa ɗalibi mai tsadar da zai jawo masa idon ɓarayi ko ya sa shi raina abokansa. Haka nan idan an canja batir, kada a yar da tsohon a tsakar gida. Ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, sai a gaggauta kai shi asibiti. Kada kuma a jefa shi a ruwan da muke sha muke kamun kifi a ciki.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ana yi wa agogo kirari da sarkin aiki, saboda ba ya hutu kuma ba ya jiran kowa. Abin kunya ne a ga ɗalibi da agogo mai ƙyalli a hannu, amma kullum shi ne na ƙarshe a wurin taron safe, ana buga ƙarfe yana neman takalmi. Wanda ya sayi agogo ya ɗauki alkawari ne cewa daga yau ba zai ce bai san lokaci ya yi ba. Mu zaɓi wanda zai gaya mana gaskiya, mu kuma mu yi aiki da abin da ya gaya mana.